Ina zan koyi fitar da rahoto a Odoo? Alhaji ya tsare ni da lissafin bashi

Akawun Singa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja bayani.

Ni akanta ne a wani shagon sari a kasuwar Singa. Shinkafa da mai da sukari muke sayarwa, sito uku. Shekara biyu da suka wuce Alhaji ya sa aka ɗora mana Odoo 16, wato manhajar ciniki da lissafi, na kyautan nan, a kan wata kwamfuta da ke ofishin sama. Yaron da ya ɗora ya koya mana shigar da ciniki da buga rasit, ya karɓi kuɗinsa ya koma Abuja. Yanzu in ka kira sau biyar, da ƙyar ya ɗauka sau ɗaya.

Duk ranar Asabar Alhaji yana son takarda ɗaya tak a gabansa: wa muke bi, nawa ne, kuma bashin ya kwana nawa. Na wata ɗaya daban, na wata biyu daban, wanda ya haura wata uku a ja masa layi. Kuma a raba masa su gari-gari, 'yan Gusau, 'yan Maraɗi, 'yan Potiskum. Abin da nake yi shi ne in sauke komai zuwa Excel, in zauna daga la'asar ɗin Juma'a har bayan isha ina tsinta. Na gaji.

So nake in koyi haɗa rahoton da kaina. Na shiga YouTube sai na ƙara ruɗewa: wannan ya ce Python, wancan ya ce XML, wani ya ce SQL. Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya na kodin ba, amma Excel kam na iya VLOOKUP da pivot. Laftof ɗina RAM 8 ne. Ta ina zan faro, kuma a ina ake koyo ba tare da an yashe ni ba?

Injiniya Fatakwal:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, in dai za ka zuba lokacinka a wannan harka, zuba shi inda ake biya. Ka nufi SAP, masu manhajar tafiyar da manyan kamfanoni, ka koyi ABAP, yaren kodin ɗinsu. Kamfanin Jamus ne, tun 1972 yake, kuma manyan kamfanonin mai da na siminti da na sadarwa irinsa suke amfani da shi. Sun sanar cewa tallafin da suke ba tsohon tsarinsu na ECC zai ƙare a 2027, don haka kamfanoni ke ta ƙaura zuwa sabon tsarinsu na S/4HANA, ana neman hannu. Shafinsu na SAP Learning yana da darussa kyauta masu yawa. Odoo na shago ne.

Maman Haidar:
Yallaɓai Injiniya, mutum ya ce gobara ta kama ɗakinsa, kai kuma kana nuna masa fili a sabuwar unguwa. Alhajinsa ranar Asabar yake son takarda.

Injiniya Fatakwal:
Hajiya, gobe nake hango masa.

Mai Kodin Zariya:
Ko goben ma ba da wannan laftof ɗin ba. SAP na gwaji da ake ɗorawa ta Docker don koyon ABAP yana neman aƙalla RAM 16, shi kuma 8 gare shi. Sannan ABAP ba ya zama a kai sai kana da tsarin da kake taɓawa kullum. Shi kuwa Allah ya ba shi abin da masu koyo da yawa ke nema ba su samu ba: littafin ciniki na gaske na shekara biyu, wanda ya san kowane kwastoma a cikinsa da fuska.

Malam Akawu, dalilin ruɗewarka shi ne duk waɗanda ka gani a YouTube gaskiya suka faɗa, sai dai kowa wani ɓangare ya riƙe. An rubuta Odoo da Python. Takardun da yake bugawa, irin rasit da takardar kaya, ana tsara fuskarsu da wani abu mai suna QWeb, wanda XML ne. Duk abin da kuka shigar kuma yana zaune a rumbun bayanai na PostgreSQL, kuma yaren da ake tambayar rumbun da shi shi ne SQL. Kai ba sabon maɓalli kake son ƙarawa ba, ba kuma fuskar rasit kake son canzawa ba. Tambaya kake son yi wa littafinku. To SQL ne naka.

Tunda ka iya pivot, ka riga ka yi rabin tafiya. Abin da kake yi in ka tace layuka shi ne WHERE. Abin da pivot ke yi in ya tara kuɗin kowane mutum wuri ɗaya shi ne GROUP BY. VLOOKUP ɗinka kuma shi ne JOIN. Sunaye ne kawai suka canza.

Inda za ka koya ba ko kwabo: fara da SQLBolt, darussa ne gajeru da kake rubutawa a cikin burauza, ba sai ka sauke komai ba, ba ya kuma cin data. In ka gama, koma PostgreSQL Exercises, don shi ainihin irin rumbun da Odoo ke amfani da shi ne. In kana son malami yana bayani a bidiyo, jami'ar Harvard tana da kwas ɗin CS50 na SQL kyauta. Sati biyu zuwa uku, awa ɗaya bayan isha, sun ishe ka ka fara taɓa naku.

Akawun Singa:
Allah ya saka da alheri, wallahi yau ne na fara ganin hanya. To ta yaya zan shiga rumbun namu? Kuma ba zan ɓata wani abu ba?

Mai Kodin Zariya:
Za ka iya ɓatawa mana, shi ya sa ba za ka taɓa na aikin ba. Ka ɗauki kwafin ajiya na rumbun, ka ɗora PostgreSQL a laftof ɗinka, ka zuba kwafin a ciki, ka buɗe shi da DBeaver ko pgAdmin, duka kyauta ne. A nan ko ka goge komai, kwafi ka goge. Ranar da ka ƙware har kana son jan bayani kai tsaye daga na aikin, a buɗe maka mai shiga wanda karatu kawai zai iya, ba rubutu. Kada ka kuskura ka gyara lissafi ta SQL a rumbun aiki, ko da sifili ɗaya ne ka ga ya yi yawa. Gyara ta cikin Odoo ake yi.

Tebura uku za ka fara sani. res_partner, nan kwastomomi suke, da garinsu. account_move, nan kowace takarda take. account_move_line kuma nan layukan zare kuɗi da zubawa suke, nan ne gidan bashi. Wata dabara: ka kunna yanayin masu gyara ta hanyar ƙara ?debug=1 a adireshin da ke sama, sai ka ɗora linzami a kan kowane gurbi, zai nuna maka sunansa na asali. Da haka na koyi rabin abin da na sani.

Baba Odita:
Kafin a yi nisa, yaro, ka nemi izinin Alhaji a kan kwafin nan, kuma ka faɗa masa a fili mene ne a ciki. Sunayen mutane ne da lambobin wayarsu da bashin da ake binsu. Laftof ɗin ya ɓace a adaidaita sahu, asirin 'yan kasuwa ɗari ya fita. Akwai ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ka sa kalmar sirri mai ƙarfi, kada kuma ka tura wa kowa fayil ɗin da sunan ya taya ka dubawa, har mu nan.

Kwas Mai Rahusa:
Ina koyar da SQL, Python, Power BI, SAP da Odoo duka cikin sati huɗu, da satifiket. Mai so ya same ni ta akwati.

Mai Gadin Zaure:
Malam, talla ranar Lahadi ake yi. Wannan gargaɗi ne na farko.

Maman Haidar:
Biyar cikin sati huɗu! Ni na taɓa biyan irin wannan a wata cibiya, wata guda muna kallon allo malam yana dannawa, ba a bar mu mun taɓa ba. Takardar tana cikin durowa har yau.

Malam Akawu, ni ma akanta ce, kuma hanyata ta ɗan bambanta da ta Malamin Zariya. Ni ta Power BI na shiga, manhajar Microsoft ta haɗa rahoto da zane. Wanda ake ɗorawa a kwamfuta kyauta ne, sai dai Windows kawai yake hawa, kuma yana iya haɗuwa da PostgreSQL kai tsaye. Da zarar ka tsara rahoton sau ɗaya, ranar Asabar maɓallin sabuntawa kawai za ka danna ka buga. Darussansa suna Microsoft Learn kyauta, kuma in ka so takarda daga baya akwai jarrabawar PL-300, wadda ita ake biya. Ga mai Excel ya fi sauƙin shiga, don Power Query ɗin da ke ciki shi ne dai na Excel. Maigidana na aiki ba ya karanta lamba, amma da ya ga jan sanda ya yi tsawo a kan sunan mutum zai ɗauki waya.

Mai Kodin Zariya:
Ban ƙi ba Hajiya, amma in ya haɗa Power BI da rumbun Odoo, tebura ɗaruruwa za su zubo masa. In bai san wanne ke riƙe da wanne ba, zane mai kyau zai yi a kan lissafin banza. SQL ɗin dai ba makawa.

Maman Haidar:
Ai ban ce ya tsallake ba. Cewa na yi kada ya zauna wata uku yana kallon baƙin allo bai ga abin nuna wa Alhaji ba, zuciyarsa ta mutu. Mutum yana buƙatar ya ga amfanin wahalarsa da wuri.

Sadau ɗan Jami'a:
Ni ban ga abin wahala ba. Ka tambayi ChatGPT ya rubuta maka, minti ɗaya.

Mai Kodin Zariya:
Zai rubuta, kuma sau da yawa zai ba shi na tsohon Odoo. Wannan ma shi ne babban tarkon da nake son ka kiyaye, Malam Akawu, ko a YouTube ko a wajen na'urar ChatGPT ɗin. Odoo kusan duk shekara yake fitar da sabon zubi, kuma abubuwa suna canza wuri. Kafin zubi na 13 akwai tebur mai suna account_invoice. Daga 13 aka narkar da shi cikin account_move. In ka bi bidiyon 2018 za ka kwana kana neman teburin da babu shi. A naku na 16 kuma, sunan kaya a product_template ba rubutu ne zalla ba, an naɗe shi tare da fassararsa, sai ka ciro na en_US kafin ya fito daidai. Na 17 ya canza yadda ake ɓoye gurabe a fuska, na 18 ya canza wa tree suna zuwa list. Don haka duk abin da za ka nema, ka haɗa da lamba 16. A shafin bayanan Odoo ma akwai wurin zaɓen zubi a sama, ka tabbata a kan 16 yake.

Ka yi amfani da na'urar ta fassara maka saƙon kuskure ko ta warware maka layin da ba ka gane ba, tana da kyau a nan. Amma ba ta san littafinku ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Na ga an ambaci garinmu. Mu nan ma Odoo muke aiki da shi a wani kamfanin shigo da kaya, amma da tsarin lissafin SYSCOHADA, harajin TVA ɗinmu, wato VAT, kuma kashi 19 ne, ba 7.5 irin naku ba. Abin da nake son in ja hankalinka: in akwai 'yan Maraɗin da kuke rubuta wa takarda da sefa, ka kula. A layin bashi gurbi biyu ne. amount_residual yana nuna saura da kuɗin kamfani, wato naira a wajenku. amount_residual_currency kuma da kuɗin da aka yi cinikin. Ni na taɓa tara na biyun gaba ɗaya, na haɗa sefa da naira da dala a kwando ɗaya, na kai wa patiron, wato maigidana, jimilla. Ya kalle ni ya ce in da muna bin wannan kuɗin da tuni ya sayi jirgi.

Ga masu Faransanci, bayanan Odoo na masu amfani akwai fassara, tunda kamfanin na Beljiyam ne. Amma na masu kodin gara ka daure da Turancin.

Baba Odita:
To bari tsoho ya ce wani abu. Na fara wannan aiki tun ana kiran Sage 50 da suna Peachtree, muna fitar da rahoto da Crystal Reports. Na ga Tally da yarensa na TDL a shagunan Indiyawa. Manhaja ta canza sau nawa a gabana, kuskuren yara bai canza ba: su fitar da rahoto mai kyan gani su miƙa, ba su gwada shi da komai ba.

Yaro, kai akanta ne, kana da abin da mai kodin ba shi da shi. Ka san cewa jimillar bashin da rahotonka ya nuna dole ta yi daidai da ragowar asusun masu bashi a babban littafi, a rana ɗaya, har kwabo. In ba su haɗu ba, rahotonka ne ke ƙarya. Sannan ka zaɓi kwastoma biyar da ka san lissafinsu da ka, ɗaya mai biya a kan kari, ɗaya mai biya guntu-guntu, ɗaya da ya taɓa maido da kaya, ka duba su da biro. Kada takarda ta hau teburin Alhaji sai ta ci wannan jarrabawa.

Mai Kodin Zariya:
Baba ya gama magana. In ƙara da abu ɗaya: kafin ka gina naka, ka sani wasu sun riga sun gina. Odoo na kyauta ba ya zuwa da rahoton shekarun bashi, yana cikin na kuɗi. Amma akwai ƙungiyar masu sa kai ta OCA, suna ajiye aikinsu a GitHub. Ka nemi account_financial_report a reshen 16.0. Yana da rahoton bashi bisa daɗewa, yana kuma fitarwa zuwa Excel. Yana buƙatar wasu biyu tare da shi, report_xlsx da date_range. Ka gwada a kwafi tukuna. Ba zai raba maka gari-gari ba, amma zai zame maka ma'auni na biyu bayan na Baba. Ranar da ka so shiga Python kuma, karanta kodin ɗin mutanen nan ya fi bidiyo goma. A shafin Odoo akwai darasin da ake gina manhajar dillancin gidaje daga tushe, shi ne ƙofar shiga. Amma ba yanzu ba.

Injiniya Fatakwal:
Na sallama a kan SQL, don ko a ABAP ɗin ma sai da shi. Amma ina nan a kan bakata, in ya ƙware ya waiwayi SAP. Kuma ya riƙa leƙa shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, akwai nazarin bayanai a cikin abin da suke koyarwa.

Akawun Singa:
Assalamu alaikum, na dawo bayan sati uku da rahoto, mai daɗi da marar daɗi.

Na gama SQLBolt cikin kwana tara. Ɗora kwafin ne ya ci mini kwana biyu, ashe PostgreSQL ɗin da na sauke ya girmi na ofis tsufa, sai da na sauke sabo. Alhaji ya ba da izini, ya ce in dai ba za a ƙara kiran yaron Abuja ba.

Na farko da na rubuta ya ba ni jimillar da ta fi ta littafi da kusan miliyan goma sha ɗaya. Na yi ta dubawa, ashe na haɗa da takardun da ba a tabbatar ba da waɗanda aka soke. Na tace na bar posted kaɗai, wato waɗanda aka tabbatar, ya sauko. Saura bambancin dubu ɗari takwas da hamsin.

A nan na yi wauta. Baba, ka yafe ni. Asabar ta zo, na ce ai kusan daidai ne, na buga na kai. Alhaji ya sa tabarau, ya bi da yatsa, ya tsaya a kan wani dattijo ɗan Gusau da muke hulɗa da shi tun zamanin mahaifinsa. Bashin dubu ɗari takwas da hamsin, kwana casa'in da wani abu. A gabana ya kira shi, ya sa a sifika. Bawan Allah ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, ni ne yau ake kira a kan kuɗin da na tura tun kafin azumi?" Kafin a kashe waya hoton rasit ɗin banki ya shigo. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya faru: kuɗin ya shigo, mai karɓar kuɗinmu ya rubuta shi a sunan mutumin, amma bai haɗa shi da takardar cinikin ba. Ni kuma daga account_move na ɗauko sauran kuɗin takardun ciniki kawai, don haka biyan da ke zaune shi kaɗai bai shigo lissafina ba. Na koma account_move_line kamar yadda Malamin Zariya ya faɗa tun farko, na ɗauki duk layukan asusun masu bashi, biyan ya fito da alamar ragi ya cinye bashin. Yanzu ni da babban littafi da rahoton OCA duk mun haɗu har kwabo. Da yamma ni da Alhaji muka sake kiran dattijon na ba shi haƙuri da bakina.

Baba Odita:
Na yafe. Bambancin da ka raina, ashe sunan mutum ne ɗungurungum. Yanzu ka ƙara shafi na biyu a rahoton: kuɗin da aka karɓa ba a haɗa da takarda ba. Ka riƙa ba mai karɓar kuɗin duk Alhamis ya share kafin Asabar.

Ɗan Maraɗi:
Barka da arziki. Mutanenmu fa, sun fito daidai?

Akawun Singa:
Sun fito, da naira muke rubuta musu. Sai dai garin ne ya ba ni aiki: wani an rubuta Maradi, wani Maraɗi, wani MARADI NIGER, bakwai kuma ba gari sam. Sai da na bi su ɗaya-ɗaya ta cikin Odoo na gyara. Jiya rahoton minti huɗu ya ɗauke ni.

Matsalar yanzu, Alhaji ya ga abin ya yi sauri. Ya ce tunda haka ne, yana son sanin buhun shinkafa nawa ya kwana sama da wata biyu a kowane sito.

Maman Haidar:
Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ka ce a ƙara albashi tukuna.

Mai Kodin Zariya:
stock_quant zai ba ka abin da ke sito yanzu, stock_move kuma shiga da fita. Ka kula, lokutan da ke nan da agogon UTC aka ajiye su, awa ɗaya baya da namu, don haka motar da aka sauke ƙarfe sha biyu da rabi na dare za ta faɗa jiya. Ka buɗe sabon zare, wannan ya yi tsawo. Kuma kafin ka rubuta komai, ka ɗauki ɗan sito ku je ku ƙirga buhunan sito ɗaya da hannu.